Kwalbar da ba ta karɓar ɗuri sau biyu: Yadda masana'antu ke kokawa da masu jabu

Idan ka sayo maganin tari na ruwa a kemis, ka murɗa murfin a karon farko, za ka ji wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, sannan wani siririn zobe ya rabu da murfin ya zauna a wuyan kwalbar. Yawancinmu ba ma kula da wannan ƙarar. Wasu ma haushi suke ji idan zoben ya ƙi tsinkewa, sai su ɗauko wuƙa ko su sa haƙori.

Amma fa wannan zoben shi ne shaidar da kake da ita cewa tun da kwalbar ta baro masana'anta babu hannun da ya shiga cikinta. Ba ka san direban da ya ɗauko ta ba, ba ka san sito nawa ta kwana ba, ba ka san hannun dillali nawa ta bi ba kafin ta iso kan kantar mai kemis. Abin da ka sani kawai shi ne zoben bai tsinke ba sai a hannunka.

Akwai kamfanoni da injiniyoyi da aikinsu ke nan shekara da shekaru: ƙera kwalba da murfin da ba za a iya buɗewa a ɓoye ba, kuma idan abin cikin ya ƙare ba za a iya sake ɗura wani a sayar da sunan na asali ba. Haka kuma akwai waɗanda su ma aikinsu ke nan: warware duk ƙullin da waɗancan suka yi.

Abin da ya faru a Shikago

Kafin 1982, yawancin magungunan da ake sayarwa a kantunan Amurka ba su da wani hatimi. Ka cire murfi, ka zare audugar da ke sama, ga ƙwayoyi. Kowa zai iya buɗewa ya mayar ba tare da an gane ba, kuma babu wanda abin ya dama.

A ranar 29 ga Satumban wannan shekarar, wata yarinya 'yar shekara 12 a wata unguwa da ke wajen birnin Shikago ta tashi da mura, aka ba ta kafson Tylenol, maganin ciwon kai da zazzaɓi irin parasitamol ɗinmu. Ba ta kai rana ba ta rasu. A wannan rana dai wani magidanci a wata unguwar ya sha irin maganin ya faɗi ya mutu. Dangi suka taru a gidansa. Ƙanensa da matar ƙanen, waɗanda tashin hankali ya sa musu ciwon kai, suka ɗauki kwalbar da ke gidan suka sha daga cikinta. Su ma ba su tsira ba. Cikin 'yan kwanaki mutum bakwai suka mutu.

Bincike ya gano gubar sayanayid a cikin kafson. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kwalaben ba daga masana'anta ɗaya suka fito ba, wanda ya sa masu bincike suka karkata ga cewa wani ne ya ɗauke su daga kanti, ya buɗe kafson ya zuba guba, ya mayar da su kan kanta. 'Yan sanda suka riƙa zagaya unguwanni da lasifika suna gargaɗin jama'a. Kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa, kayan da kuɗinsu ya haura dala miliyan 100. Har yau ba a hukunta kowa da laifin kisan ba. Mutum ɗaya da aka ɗaure a kan lamarin, laifinsa shi ne rubuta wa kamfanin wasiƙar neman dala miliyan ɗaya don a daina kisan.

Da maganin ya dawo kasuwa a watan Nuwamba, sai ya zo da shinge uku: kwalin da aka liƙe bakinsa da gam, robar da ta ɗame murfi da wuyan kwalba, da kuma takardar alminiyam da aka manne a bakin kwalbar daga ciki. A watan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta irin wannan kariya, a 1983 kuma majalisar dokokin ƙasar ta mayar da yi wa kayan masarufi irin wannan ta'asa babban laifi na tarayya.

Sai dai a 1986 wata mata ta sake mutuwa a jihar New York bayan ta sha kafson da aka sa wa guba, duk da shingen nan uku. Daga nan kamfanin ya haƙura da kafso mai buɗuwa gaba ɗaya, ya koma yin ƙwaya dunƙulalliya. Masu sana'ar ma a yau ba sa alkawarin cewa kwalbarsu ba ta taɓuwa. Abin da suke cewa shi ne idan an taɓa ta za a ga alama. Bambancin maganganun nan biyu yana da girma, kuma shi ne gaskiyar wannan sana'a.

Jarin mai jabu

Mai zuba guba don ya kashe mutane abu ne da ba kasafai ake samu ba. Wanda ya fi yawa shi ne mai neman kuɗi, kuma shi ba cikakkiyar kwalba yake nema ba. Wadda aka shanye aka jefar ita ce jarinsa.

Dalili mai sauƙi ne. Haɗa ruwan da zai yi kama da na asali a launi da ƙamshi ba wani abu ba ne. Buga takardar jikin kwalba ma yanzu ya zama wasan yara. Abin da ke da wuya shi ne gilashin kansa. Sai an narkar da yashi da sauran sinadarai a zafin da ya kai kimanin digiri 1,500 a ma'aunin salshiyos, sai an ƙera mazubin ƙarfe na musamman mai siffar kwalbar da rubutun da ke jikinta, sai kuma an samu masana'antar da za ta yarda ta yi aikin. Wanda yake aiki a cikin shago ɗaya da bokiti da mazurari ba shi da wannan ƙarfin. Amma yana da kuɗin sayen kwalabe daga hannun masu tsintar bola.

Tun da daɗewa kamfanoni sun gane cewa siffar gilashi makami ce. Kwalbar Coca-Cola mai ƙugu da muka sani ta samo asali ne a 1915, lokacin da masu kwaikwayo suka addabi kamfanin da sunaye masu kama da nasa. Sai aka nemi masu gilashi su ƙera kwalbar da za a gane ta ko da lalube a cikin duhu, ko an gan ta a fashe a ƙasa. Kamfanin Root Glass da ke jihar Indiyana ne ya yi nasara. Wannan ya rufe ƙofar kwaikwayo, amma bai rufe ƙofar sake ɗuri ba. Hasali ma, duk yadda kwalba ta yi wuyar kwaikwayo, haka darajar wadda babu komai a cikinta take ƙaruwa.

A Amurka, daga 1935 zuwa 1964, doka ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin gilashin kowace kwalbar barasa mai ƙarfi cewa laifi ne a sayar da ita ko a sake amfani da ita. A 2013 wata kotu a New York ta samu Rudy Kurniawan, ɗan asalin Indunusiya, da laifin damfarar attajirai miliyoyin daloli. A gidansa da ke Kalifoniya yake haɗa giyar inabi mai rahusa ya ɗura a tsofaffin kwalabe, ya manna takardun da ya sa suka yi kama da tsofaffi, ya sayar a matsayin giyar Faransa mai shekaru. An yanke masa ɗaurin shekara 10.

Ba sai an je nesa ba. A watan Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da rufe shaguna sama da 240 a kasuwar Eziukwu da ke Aba a jihar Abiya, inda ta ce an mayar da shagunan masana'antun haɗa jabun giya da lemo da sauran kayan sha, ana ɗura su a kwalabe masu ɗauke da sunayen sanannun kamfanoni.

'Yar ƙwallon da ke gadin ƙofa

To yaya ake yin kwalbar da ruwa zai fita amma ba zai shiga ba? Masu ƙirƙira sun sha wuya a kan wannan tambayar. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 an yi rajistar dabaru bila adadin a Amurka da Turai, mafi yawansu ba su taɓa shiga kasuwa ba. Wasu sun yi tsada fiye da abin da ke cikin kwalbar. Wasu sai an karya wuyan kwalbar kafin a sha, abin da ke jefa ɓarɓashin gilashi a ciki. Sai da roba ta yi arha aka samu mafitar da ta zauna.

Dabarar da ake amfani da ita yanzu tana zaune ne a cikin wuyan kwalba. Bayan an cika kwalbar a masana'anta, inji zai danna wani ɗan bututun roba a bakinta. A jikin gilashin wuyan akwai wani tudu da aka yi musamman, bututun kuma yana da haƙoran da ke sarƙewa a ƙarƙashin tudun. Da zarar ya shiga ya shiga ke nan, ba ya fita sai an fasa shi.

A cikin bututun akwai ɗan faifai da ke rufe ƙofa, a kansa kuma akwai 'yar ƙwallon gilashi ko wani abu mai ɗan nauyi. Idan kwalbar tana tsaye, nauyin ƙwallon ya danne faifan, ƙofa ta rufe, duk abin da aka zuba daga sama sai ya malalo waje. Idan aka karkata kwalbar don a tsiyaya, ƙwallon ta gangara gaba, ruwan ciki ya ture faifan ya fito. A saman wannan duka akwai wani rufi mai lanƙwasassun hanyoyi, don kada wani ya zura waya ko tsinke ya ɗaga ƙwallon.

A faɗe abin da sauƙi, amma a aikace akwai ciwon kai. Mai jabu ba zai tsayar da kwalba ya zuba daga sama ba. Zai kwantar da ita a cikin baho, zai kifa ta ya turo ruwa da famfo daga ƙasa, zai zuƙe iskar ciki don kwalbar ta ja ruwan da kanta, zai yi ta girgiza ta don ƙwallon ta riƙa tsalle ruwa na shiga kaɗan-kaɗan. Kowace dabara daga cikin waɗannan ta sa an ƙara wani abu a cikin bututun, shi ya sa wasu murafen suke da ɓangarori da dama. A ɗaya gefen kuma akwai mai saye, wanda ba zai yarda da kwalbar da ke zuba ɗis-ɗis ba. Kuma dole bakin gilashin ya fito daidai wa daida, domin ɗan kuskure kaɗan a faɗinsa zai sa bututun ya yi sako-sako ko ya tsaga wuyan. Kamfanin Guala Closures na Italiya, wanda aka kafa a 1954 a garin Alessandria, yana cikin waɗanda suka fi suna a duniya a wannan fanni.

Wani abin sha'awa: kwalba mai ƙwallo a wuya ta girmi wannan dabarar, amma don akasin wannan manufa aka yi ta. A 1872 wani Bature ɗan Ingila, Hiram Codd, ya ƙera kwalbar lemo wadda iskar gas ɗin ciki ke tura ƙwallon gilashi sama ta toshe baki. An yi ta ne don a wanke a sake cikawa sau da yawa. Abin da ya riƙa cinye ta shi ne yara, masu fasa kwalaben don su ciro ƙwallon su yi wasa. Har yanzu ana sayar da lemo a irin wannan kwalbar a Japan da Indiya.

Masu barasa ne suka fi amfani da murfin hana ɗuri, amma ba su kaɗai ba ne. A ƙasashen kudancin Turai, gidajen abinci kan ajiye man zaitun a kan tebur don mai ci ya zuba wa kansa. Wasu masu gidajen sai su ajiye kwalbar mai tsada, kullum da safe su cika ta da mai rahusa. Fotugal ta yi dokar hana wannan tun 2005. A watan Mayun 2013 Tarayyar Turai ta so ta mayar da dokar ta kowa da kowa, amma aka yi mata ca, har da firaministan Birtaniya na lokacin David Cameron, ana cewa shisshigi ne, cikin 'yan kwanaki ta janye. Sifaniya da Italiya, manyan masu noman zaitun, ba su jira ba. Daga 2014 kowacce ta wajabta wa gidajen abinci kawo man zaitun a kwalba mai takardar shaida da murfin da ba a sake ɗurawa. A ganina waɗanda suka yi wa dokar dariya ba su taɓa noma zaitun ba, kuma duk wanda ya taɓa sayen man zaitun a kasuwanninmu ya tarar man gyaɗa ne da launi zai fahimci abin da manoman suke kuka da shi.

Idan ƙofa ta rufe, sai a bi ta katanga

Masu iya magana sun ce in an san ta ɓarawo, a san ta mai bin sawu. A wannan harkar ana iya juya maganar, domin ɓarawon ma yana karantar mai bin sawun.

Moutai, barasar da ta fi kowacce daraja a ƙasar Sin, tana zuwa ne a farar kwalba da ba a ganin cikinta, da ƙwallayen gilashi biyu a bakinta. Da masu jabu suka ga bakin ya gagara, sai suka bar shi yadda yake. Su ɓare takardar bayan kwalbar a hankali, su huda rami ɗan mitsitsi kamar na allura, su zuƙe na asali, su ɗura na jabu, su toshe ramin, su mayar da takardar. Murfi na asali, hatimi bai tsinke ba, lamba ta gaskiya. 'Yan sandan ƙasar sun sha kama irin waɗannan, har masu saye da yawa suka koyi haska fitila mai ƙarfi a jikin kwalba don neman tabon rami.

Turare ma haka. Kwalbar turaren feshi mai tsada ba ta da murfin murɗawa. Inji ne ke matse wani zoben ƙarfe a wuyanta tare da famfon feshin, ta yadda ba ya cirewa sai an lanƙwasa shi. Na taɓa sayen wani turare a wani shago, kwali sabo, kwalba mai nauyi, farashi kuma ƙasa da rabin wanda na sani. Ƙamshin bai kai ni bakin titi ba ya gudu. Da na koma gida na zare kwalliyar da ke rufe wuyan, sai ga zoben ƙarfen duk sawun filaya. Laifina ne rabi, domin arhar ta isa ta gaya mini.

Wasu kamfanoni sun koma ga lantarki. A 2015 kamfanin Diageo ya nuna samfurin wata kwalba mai siririyar na'ura a cikin takardar wuyanta, wadda idan aka kara mata wayar salula za ta faɗi ko an taɓa buɗe murfin. Irin wannan yana da kyau a kan kayan da ake sayarwa da ɗaruruwan daloli. A kan maganin tarin naira dubu ɗaya ko biyu, kuɗin na'urar kaɗai zai iya cinye ribar.

Inda abin ya zama na rai da mutuwa

Kwalbar da ta fi kowacce cika sharaɗin hana sake ɗuri tana nan a kowane asibiti, kuma ta haura shekara ɗari. Ita ce 'yar siririyar kwalbar allura da ma'aikaciyar jinya ke ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa sannan ta karya wuyanta. Ba ta da murfi ko kaɗan. Da wuta ake narkar da bakin gilashin a rufe bayan an zuba magani. Wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa, Stanislas Limousin, ake danganta wa ƙirƙirar ta a 1886. Idan aka karya ta, ta gama aiki.

Matsalar tana wajen ɗaya nau'in, mai toshiyar roba da zoben alminiyam da 'yar hular roba a sama. Ana ɓalle hular, a soka sirinji ta cikin toshiyar a zuƙo magani. Kwalbar kanta ba abin da ya same ta, takardarta na nan, lambar rukuninta da ranar lalacewarta duk na gaskiya ne. Wanda ya samu sabuwar hula da injin matse zobe ya samu komai.

A watan Maris na 2024 'yan sandan birnin Delhi na Indiya suka bankaɗo wani gungu da ke sayen kwalaben maganin ciwon daji da aka gama amfani da su daga hannun wasu ma'aikatan asibiti. Sai su cika su da wani magani mai rahusa na kashe ƙwayoyin cutar fata, su rufe, su sayar wa majinyata da farashin na asali. Ka yi tunanin iyalin da suka sayar da gona don sayen allurar, suna zaune suna kallon ruwan yana shiga jijiyar ɗan'uwansu.

A lokacin annobar korona ma, a watan Maris na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa miyagu na iya sake amfani da kwalaben rigakafin da aka gama da su, ta buƙaci ƙasashe su riƙa lalata su ko su adana su da tsaro. A yankinmu kuwa, hukumar ta fitar da sanarwar gano jabun allurar rigakafin sanƙarau a Jamhuriyar Nijar a 2015, a daidai lokacin da cutar ke kashe mutane ana rububin allurar. Ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2017 ya ce ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko kuma mara inganci.

Da yake gilashi da murfi sun kasa su kaɗai, sai aka ƙara musu lamba. Daga 9 ga Fabrairun 2019, yawancin magungunan da likita ke rubutawa a Tarayyar Turai sai sun zo da abu biyu: hatimin da ke nuna ko an buɗe kwali, da lamba ta musamman da mai kemis zai duba a kwamfuta kafin ya miƙa. Da ya duba, lambar ta mutu. Idan aka sake kawo kwali mai wannan lambar, kwamfutar za ta yi ƙorafi.

A nan Najeriya ta riga su ta wata fuskar. Tun 2010 NAFDAC ta ƙaddamar da tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani, irin na katin waya, a tura ta saƙon tes kyauta a samu amsa ko na gaskiya ne. Da kamfanin Sproxil aka fara, kuma kamfanin mPedigree da ɗan Ghana Bright Simons ya kafa yana cikin masu irin wannan aiki. An fi ganin lambar a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Dabara ce mai kyau domin ko da ƙaramar waya ana yi. Amma mutum nawa ka taɓa gani a kemis ya tsaya ya kankare ya tura kafin ya biya?

Abin da hatimi bai yi alkawari ba

Zoben da bai tsinke ba yana cewa ba a buɗe ba. Bai ce abin da ke ciki lafiyayye ne ba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara aƙalla 84 suka mutu a Najeriya bayan an ba su maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka samu wani sinadari mai lalata ƙoda a cikinsa. A 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya, aka danganta mutuwarsu da magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Waɗannan kwalaben babu wanda ya taɓa su a hanya. Tun daga masana'anta gubar ta shiga, aka rufe ta da hatimi mai kyau.

Sannan injin matse murfin alminiyam ba wani abin a zo a gani ba ne, ana sayar da ƙananansa, ana kuma sayar da murafen buhu-buhu. Murfi mara suna da zobe mai tsinkewa kowa zai iya sa shi. Shi ya sa manyan kamfanoni ke buga sunansu a kan murfin, su kuma buga lambar rukuni a kan murfi ko gilashi da za a iya gwadawa da ta jikin kwali.

Mu da kwalabenmu

Akwai wani abin da ya sa maganar nan ta fi sarƙaƙiya a wajenmu. A ƙasar Hausa kwalba ba ta mutuwa. Ta lemo ta koma ta man gyaɗa, ta magani ta koma ta turaren ɗuri, ta man shafawa ta koma ta yaji. Kwalba ma'auni ce a kasuwa, da ita ake awon manja da zuma da man shanu. Mai kunun aya da mai zoɓo da ɗan bumburutu duk da gorar da wani ya yar suke sana'a, 'yan gwangwan kuma da tattara su suke ci da iyalansu. Kwalbar lemo ta gilashi da ake mayarwa a kiret ma don a sake cika ta aka yi ta, kuma hakan ya fi wa muhalli alheri fiye da robar da ke toshe mana magudanan ruwa. Babu mai hankalin da zai ce a hana wannan duka.

Mai sayar da manja a kwalbar lemo ba ya yaudarar kowa, domin kowa ya san manja ne. Yaudara tana farawa ne lokacin da kwalba ta dawo kasuwa da sunanta na farko, da takardarta, da kwalinta. Saboda haka kwalaben da ya kamata a sa wa ido ba su da yawa: na magani, na allura, na turare da man shafawa masu tsada, na man zaitun, na madarar jarirai, da na maganin feshin gona. Idan za ka ba da irin waɗannan ko ka jefar, yage takardar, ka yayyaga kwalin, ka jefar da murfin daban. Ɗan gwangwan zai samu gilashinsa, mai jabu kuma bai samu abin da yake nema ba.

Wata al'adar tamu kuma tana kashe amfanin hatimi tun kafin ya yi aiki. Yaron shago ya buɗe maka lemo kafin ya kawo, don girmamawa. Mai kemis ya zare maganin daga kwali ya ba ka a leda, ko ya tsiyaya maka rabin kwalba domin kuɗinka bai kai ba. A asibiti a zo da sirinji an riga an zuƙo. Mafi yawan masu yin haka ba su da mugun nufi, amma duk wahalar da injiniya ya sha a kan zoben nan ta tashi a banza idan ba a gaban mai saye ya tsinke ba.

Na san da nauyi mutum ya ce wa ma'aikaciyar jinya yana so ya ga kwalbar allurar da ya saya da tsada kafin a ɓalle hularta, ko ya tambayi inda za a kai ta bayan an gama. Za a iya ɗauka rashin yarda ne. A shari'ar Delhi, kwalaben da aka sake cikawa daga ɗakunan jinya suka fito, bayan an gama yi wa wasu majinyatan allura da su.